Da wane ɓarin ƙwaƙwalwa ake lissafi da ka?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, a yi haƙuri da tsawonta.

Makon jiya na kai 'yata Ummi, shekararta 11, gwajin wutar ƙwaƙwalwa da ake ce wa EEG. Sau biyu tana suma a makaranta, likita ya ce a duba ko farfaɗiya ce. Alhamdu lillahi ba a ga komai ba. Tun da daddare mahaifiyarta ta tsefe mata kitso, ta wanke mata kai ba a shafa mai ba, kamar yadda aka umarce mu. A ɗakin gwajin aka auna kanta da tef irin na tela, aka ɗiɗɗiga alamomi, aka manna wasu 'yan faya-fayai masu wayoyi da wani abu mai kama da ƙullu. Ina tsaye bayan ma'aikaciyar ina kallon kwamfuta. Da aka ce ta rufe ido ta saki jiki, sai wasu layuka suka fara kaɗawa a jere, kamar ruwan tafki in iska ta taɓa shi. Can matar ta ce, "Ummi, kar ki buɗe ido. Ki cire bakwai daga ɗari a zuciyarki, abin da ya rage ki sake cire bakwai." Wallahi a kan idona kaɗawar nan ta lafa, layukan suka ƙanƙance. Da aka ce ya isa, jim kaɗan suka dawo yadda suke.

Ga inda abin ya tsaya mini a rai. Ummi bahaguwa ce. Wani malaminsu ya taɓa ce mini, a gabanta, wai bahago da ɓarin dama na ƙwaƙwalwa yake aiki, lissafi kuwa na ɓarin hagu ne, don haka kada in matsa mata. Tun daga ranar, in an ba ta aikin gida sai ta ce, "Baba, ni kaina ba na lissafi ba ne." Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shin na'urar nan tana nuna ɓarin da ke yin lissafi? Kuma maganar malamin gaskiya ce?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara mata lafiya. Shekarata 19 ina koyar da lissafi a sakandare, kuma a wata bita da aka yi mana haka aka koya mana: hagu na lissafi da magana da bin ƙa'ida, dama na zane da waƙa da ƙirƙira. Faɗa a gaban yarinya kuskure ne, ban goyi bayansa ba. Amma asalin maganar ai ta masana ce, ba malamin ya ƙirƙira ba.

Maman Sadik:
Baban Ummi, sannu da ɗawainiya. Wannan gwajin shi ne aikina kullum, bari in yi bayanin abin da ka gani.

Kaɗawar nan ita ake kira alfa. Tana zuwa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa ɗaya, kuma ta fi fitowa ta wajen ƙeya idan mutum yana farke, ido rufe, hankali kwance. Da ya buɗe ido ko ya shiga tunani mai nauyi sai ta ja baya. Mutane da yawa suna ɗauka in layi ya yi girma shi ne ƙwaƙwalwa ke aiki sosai, alhali a nan akasin haka ne. Ka ɗauka kamar ɗalibai ne a tsangaya: in duk suka haɗa baki kan aya ɗaya, daga nesa za ka ji amon yana tashi yana sauka. In kowa ya koma kan allonsa, aiki ya fi yawa, amma daga nesa sai dai ka ji guna-guni. To raguwar alfa alama ce ta cewa ƙwayoyin wurin sun watse kowa ya kama aikinsa.

Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan wutar daga kan ɗan'adam a 1924 a garin Jena, ya buga bincikensa a 1929. Har 'ya'yansa ya yi wa gwajin, ya sa 'yarsa lissafi da ka ya ga kaɗawar ta ragu. Da farko ba a gaskata shi ba, sai a 1934 da Adrian da Matthews suka maimaita a Kambirij ta Ingila. Ka ga abin da ka gani a kan Ummi an kusa shekara ɗari da saninsa.

Batun hagu da dama kuwa: faya-fayan da muke mannawa kowanne da sunansa. Masu lamba mara, wato 1, 3, 5, 7, suna hagu. Masu cika, 2, 4, 6, 8, suna dama. Don haka e, ana iya kwatanta ɓari da ɓari. Amma in faɗa maka gaskiya, da ido kawai ban isa in kalli allo in ce ga ɓarin da ya cire bakwai ba. Duka ɓarorin biyu alfarsu ke raguwa. Wutar ma fa 'yar mitsitsiya ce, da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake auna ta, kuma sai ta ratso ƙoƙon kai da fata kafin ta iso mu. Ƙifta ido ko cije haƙora sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Sannan a lafiyayyun mutane da yawa alfar dama takan ɗan ɗara ta hagu tsayi ko ba sa yin komai, mu ba ma ƙirga wannan a matsayin matsala.

Ɗalibin Ilimi:
Anti ta gama magana a ɓangaren asibiti. Ni ina karatun digiri na biyu kan aikin gaɓoɓin jiki, bari in ƙara daga ɓangaren bincike, domin maganar Malam Mai Alli tana da asali.

A 1972 wasu Amurkawa biyu, Galin da Ornstein, sun auna wutar ɓarorin biyu yayin da mutane ke aikin magana kamar rubuta wasiƙa, da kuma aikin siffofi kamar jera 'yan katakai su ba da wani zane. Sun ga a aikin magana wutar hagu ta fi raguwa idan aka kwatanta da ta dama. A 1974 Butler da Glass a Birmingham ta Ingila suka gwada lissafi da ka shi kansa, suka ga a masu amfani da hannun dama alfar hagu ta fi ja baya. Irin waɗannan binciken, haɗe da aikin Roger Sperry kan marasa lafiyar da aka yanke musu gadar da ke haɗa ɓarorin biyu saboda farfaɗiya mai tsanani, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1981, su suka haifi zancen da ya cika littattafai da tarukan bita.

Malam Mai Alli:
To madalla. Ashe dai ba a yi mana ƙarya ba. Hagu ne ke lissafi.

Ɗalibin Ilimi:
Malam, da sauran magana, ka ɗan dakata mini.

Na farko, bambancin da suka gani sai an tara mutane, an sa kwamfuta ta fitar da matsakaici, sannan yake bayyana. Rinjaye ne ɗan kaɗan, ba wai dama ta kwanta barci hagu na fama ba.

Na biyu, a 1979 Alan Gevins da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar Science da ya girgiza wannan fagen. Suka ce ku tsaya, mai rubuta wasiƙa ai hannun dama yake motsawa, kuma ɓarin hagu ne ke sarrafa hannun dama. Anya ba motsin hannun kuke aunawa ba? Da suka daidaita ayyukan, motsin hannu ya zama iri ɗaya, abin da ido ke kallo iri ɗaya, wahalar aikin ma ɗaya, sai bambancin ɓarorin ya kusa ɓacewa. Ba a daina samun rinjayen hagu a wasu gwaje-gwajen ba bayan haka, amma tun daga nan duk mai bincike na ƙwarai yana taka-tsantsan.

Na uku, wanda ni a ganina ya fi duka muhimmanci: lissafi ba abu ɗaya ba ne. In na ce maka shida sau bakwai, ba lissafawa kake yi ba, hadda ce kake jawowa, kamar yadda za ka jawo baitin waƙa. In na ce 47 sau 23, nan dole ka tsaya ka rarraba, ka riƙe wani adadi a ka, ka haɗa. In kuma na nuna maka tsibin albasa biyu na ce wanne ya fi, wannan kirdado ne. Uku ɗin nan ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba.

Hajiyar Funtuwa:
Wannan magana ta uku ta taɓa ni, har na ajiye abin da nake yi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa. Bai taɓa riƙe na'urar lissafi ba, kafin yaron shago ya gama danne-danne shi ya faɗi kuɗin. Da hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa nauyi. Bayan wata huɗu maganar ta ɗan dawo. Wata rana yayana ya zauna kusa da shi ya ce, "Baba, turmi shida a dubu bakwai-bakwai, nawa ke nan?" Ya buɗe baki, ya rufe, ya kalli yatsunsa, sai hawaye. Mutumin da ake zuwa wurinsa rabon gado.

Amma abin mamaki, in yayana ya dawo ya ce an taya turmi kaza a kuɗi kaza, in tayin ya yi ƙasa sai ya girgiza kai da ƙarfi, in ya yi daidai ya gyaɗa. Ba a taɓa cutarsa a ciniki ba har ya rasu. Mun daɗe muna mamakin yadda mutum zai kasa shida sau bakwai amma ya san an yi masa tayin wulaƙanci.

Likitan Zaure:
Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Hajiya, abin da kika bayyana sananne ne a wurinmu. Shanyewar dama na nufin ciwon a hagu yake, domin jijiyoyin suna gicciyewa ne kafin su sauka jiki. Haddar sau, wato irin shida sau bakwai ɗin nan, tana zaune ne tare da harshe, mafi yawa a hagu, musamman wani lungu da ke sama da kunne ta baya. Wani likita a Biyana ta Ostiriya, Josef Gerstmann, tun shekarun 1920 ya bayyana cewa ciwo a wannan yankin yakan zo da abu huɗu: kasa lissafi, kasa rubutu, rikita hagu da dama, da kasa bambance yatsun hannu. Shi kuwa sanin yawa, wato wanne ya fi wanne, yana da mazauni a ɓarorin biyu, a wani kwari da ke can saman kai ta baya. In na hagu ya taɓu, na dama na nan. Ina kyautata zaton shi ya sa Baba bai rasa sanin tayi ba.

A 1997 Dehaene da Cohen a Faransa sun bayyana marasa lafiya biyu da suka zama kishiyar juna. Ɗaya ta rasa haddar sau amma tana gane yawa. Ɗayan yana karanto haddar sau, amma in ka ce ya faɗi lambar da ke tsakanin 2 da 4 sai ya rikice.

Hajiyar Funtuwa:
Amin, na gode Likita. Yau shekara shida ke nan, sai yanzu na samu amsa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni wata tambaya gare ni da ta shafi harshe. Mu nan Nijar da Faransanci muka hardace jadawalin sau a lakwal, wato makarantar boko. Har gobe in aka ce mini bakwai sau takwas da Hausa, sai na juya shi Faransanci a raina amsar ke fitowa. Amma a kasuwa da dala muke lissafi, dala guda sefa biyar, jika guda sefa dubu. In mai shinkafa ya ce dala ɗari da hamsin, ban taɓa tsayawa in ninka da biyar ba, na san nauyin kuɗin kai tsaye. Sai in za a rubuta a takarda ne nake komawa Faransanci in ce 750. Wannan ma yana cikin abin da kuke faɗi?

Ɗalibin Ilimi:
Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. A 1999 Dehaene da Elizabeth Spelke da wasu sun yi gwaji da masu jin Rashanci da Ingilishi. Aka koya musu wasu lissafai da harshe ɗaya, aka tambaye su da ɗayan. In amsa ta daidai ake so, sai su yi jinkiri idan an sauya harshe. In kuwa kirdado ne, wato amsar ta fi kusa da kaza ko kaza, sauya harshe bai rage musu sauri ba. Da aka duba ƙwaƙwalwa, lissafin daidai ya fi kunna gaban ɓarin hagu, yankin harshe, kirdado kuwa ya kunna ɓarorin biyu ta sama. Har da gwajin wuta suka haɗa, suka ga hanyoyin biyu suna rabuwa tun kafin rabin daƙiƙa da ganin tambayar.

Mu ma a Najeriya haka muke. Da Turanci muka rera haddar sau a firamare, da Hausa muke ciniki. Sau da yawa yaron da ake ce wa daƙiƙi a aji shi ne wanda ba ya kuskuren canji a tallar gyaɗa.

Alhaji Mai Hatsi:
Ni ban yi boko ba, ɗana ke rubuta mini wannan. Shekara 30 ina Dawanau. In za a ɗora buhu 140 a mota, ni ba na faɗin komai a raina. Ganin kuɗin nake yi ɗauri-ɗauri, ina ajiye ɗari a gefe, arba'in a gefe, in haɗa. To ni da wane ɓarin nake yi?

Ɗalibin Ilimi:
Ranka ya daɗe Alhaji, ba a auna ka ba, don haka ba zan yanke ba, amma akwai masu kama da kai da aka auna. A Japan akwai wani allon lissafi mai 'ya'ya kamar na carbi, sunansa soroban. Waɗanda suka ƙware sukan ajiye allon, su riƙa ganinsa a zuci suna tura 'ya'yan, har za ka ga yatsunsu na motsi a iska. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu, yankunan gani da sanin wuri da tsara motsi ne ke aiki, a ɓarorin biyu, kuma dama na da babban kaso. An ma ba da rahoton wata gwanar soroban da ciwo ya taɓa ɓarinta na dama, ta rasa allon nan na zuci na wani lokaci. Akwai kuma Bajamushen nan Rüdiger Gamm, gwanin lissafi da ka, wanda binciken 2001 ya nuna yana jawo wasu yankunan dama masu ajiye tunanin abubuwan da suka wuce, waɗanda sauran mutane ba sa amfani da su a lissafi. Kuma shi sai da ya kai kimanin shekara 20 ya fara horar da kansa.

Wato hanyar da mutum ya koya, ita ke zaɓar inda aikin zai fi nauyi.

Bahagon Zariya:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo kan bahagwai. Ni bahago ne, injiniya ne kuma, lissafi nake ci da shi. Ina yaro an sha buge mini hannu, an taɓa ɗaure mini shi da tsumma don in koyi rubutu da dama. Cin abinci da karɓar abu da dama na koya, wannan tarbiyya ce da addini, ban da ja. Amma rubutu ya gagara, aka haƙura.

Baban Ummi, ko da a ce lissafi na hagu ne zalla, maganar malamin ba ta tsaya ba. A masu hannun dama, kusan 95 cikin 100 harshensu a hagu yake. A bahagwai ma kusan 70 cikin 100 a hagun yake. Saura ne ke da shi a dama ko a ɓarorin biyu, su ma kuma ba abin da ya rage musu. Hannu dabam, mazaunin harshe dabam. Sannan a 2013 masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka sun duba hoton ƙwaƙwalwar mutum sama da 1,000, 'yan shekara 7 zuwa 29, suna neman wanda za a ce ɗan hagu ne ko ɗan dama. Sun ga ayyuka na karkata gefe-gefe, amma ba su ga mutanen da ɓari guda ya rinjaya gaba ɗaya ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne kalmar da yarinyar ta riƙe. Ni an ɗaure mini hannu, na kwance. Ita an ɗaure mata zuciya ne.

Malam Mai Alli:
Na ji, kuma na karɓi gyara kan bahagwai. Ni kaina na tuna ɗalibai biyu bahagwai da suka fi kowa a ajina. Amma kada zauren nan ya tashi da cewa hadda banza ce. Na ga yara da yawa da suka faɗi jarrabawa ba don ba su gane tambaya ba, sai don takwas sau tara ya cinye musu minti biyu suna zana sanduna a gefen takarda.

Maman Sadik:
Malam, ba wanda ya ce banza ce. Akwai ma wata kaɗawa da ban ambata ba, teta, mai tafiyar sau 4 zuwa 7 a daƙiƙa. Tun 1972 Ishihara da Yoshii a Japan suka lura tana fitowa a tsakiyar kai ta sama da goshi idan mutum ya duƙufa yana tara lambobi ba tsayawa. Ita ba ta hagu ba ce, ba ta dama ba, a tsakiya take, kuma alamar tattara hankali ce. Yaron da bai da hadda, duk ƙarfin nan a kan ƙaramin abu yake ƙarewa.

Ɗalibin Ilimi:
Haka ne. Grabner da De Smedt sun nuna a 2011 cewa idan mutum ya ce amsar daga hadda ta zo masa, teta ce ke ƙaruwa a hagu. Idan ya ce sai da ya bi mataki-mataki, alfa ce ke raguwa ta baya a ɓarorin biyu. Cire bakwai daga ɗari da aka sa Ummi, 93, 86, 79, 72, irin na biyun ne. Duk kanta ta sa a aikin.

Inda nake da ja da Malam shi ne a tsaya kan rerawa da Turancin da yaro bai gama ji ba. Sai ya hardace sauti, bai san yawan da ke ƙarƙashinsa ba.

Malam Mai Alli:
Jarrabawa da Turanci ake yin ta, ɗana. In na koyar da Hausa zalla, ranar jarrabawa wa zai fassara musu? Abin da zan iya shi ne in fara da ƙwallayen dabino da murafun kwalba su ga yawan da idonsu, mu faɗe shi da Hausa, sannan mu rera da Turanci. Zan gwada da 'yan aji ɗaya wannan zangon, in Allah Ya kai mu zan dawo da labari.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, Allah Ya jiƙan mahaifinku.

Jiya bayan Magariba na zaunar da ita. Ban ce mata lissafi za mu yi ba. Na ce, "Ummi, in na aike ki ki sayo sabulu bakwai a naira ɗari takwas-takwas, na ba ki dubu shida, nawa za ki dawo mini da shi?" Ta ɗaga kai sama, yatsun hagunta na motsi a kan cinya, ta ce, "Ɗari huɗu." Na ce ya aka yi? Ta ce ai biyar dubu huɗu ne, biyu dubu da ɗari shida. Sai na tambaye ta bakwai sau takwas da Turanci kamar yadda ake yi musu a aji, ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Na ce mata yanzu fa kika yi shi. Ta daɗe tana kallona.

Na karanta mata abin da Injiniya ya rubuta, ta ce in tambaye shi ko da hagu yake zana taswirar gini. Ranar Litinin zan je makarantar in ga malamin, mu yi magana ta fahimta.

Bahagon Zariya:
Ka gaya mata da hagu nake zanawa, da hagu nake riƙe linzamin kwamfuta. In za ka je ranar Litinin, ka tafi da tambayar sabulun nan, ka roƙi malamin ya yi mata irinta a gabanka.